Wasa Biyu da Suka Rage

Sau tara tawagar badminton ta ƙasar tana haɗuwa da masu jar riga a gasar nahiya, sau tara kuma tana dawowa gida kai a sunkuye. Kowace haɗuwa wasa biyar ake yi: namiji da namiji, mace da mace, maza bibbiyu, mata bibbiyu, sai wanda ake haɗa namiji da mace a kowane ɓangare. Arba'in da biyar ke nan in aka tattara, kuma a cikinsu ko ɗaya ba su taɓa ci ba. Sauran ƙasashe kam ana ba-ni-in-ba-ka da su, har akwai lambobin yabo na tagulla biyu a kabad ɗin ofishin hukuma da ake goge wa ƙura in za a yi baƙi. Masu jar riga ne dai suka zame musu ƙarfen ƙafa.

Biyar daga cikin haɗuwar nan tara da Bahaguwa aka yi su. Ita ce kyaftin ɗin tawagar, shekarunta talatin da biyu, kuma tun tana ƙarama sunan ya bi ta, lokacin da mahaifiyarta ta gaji da ƙwace mata cokali daga hannun hagu ta sallama. A gidan waya take aiki, sashen tantance ƙunshi, daga takwas na safe zuwa uku. Tana tashi sai ta saɓa jakar raket, abin da ake buga wasan da shi, ta hau bas zuwa ɗakin wasa na ƙasa, wanda rufinsa ke yoyo a kusurwar gabas. Fankoki shida ne a ɗakin, amma ba a kunna ko ɗaya, don iska kaɗan ta isa ta karkatar da shatil, ƙwallon nan mai gashin tsuntsu da ake bugawa. Haka za su yi ta tsalle a cikin zafi har rigunansu su jiƙe sharkaf. Shatil ɗin da gashinsa ya fara bushewa ma ba a yar da shi, Koci, mai horar da su, yakan kanga shi a bakin butar shayi tururi ya ratsa shi, a sake mora.

Ana saura kwana uku su tafi gasar bana, ta dawo gida ta tarar da mijinta, mai gyaran firiji, zaune a tsakar gida yana ƙunshe ƙusoshi a cikin wata takardar jarida da sauri-sauri kamar wanda aka kama da sata.

"Injiniya, jaridar yaushe ce wannan?"

"Tsohuwa ce, Kyaftin. Ta bara."

"Ta bara ce take ƙamshin tawada? Miƙo."

Ya miƙa mata yana sosa ƙeya. Ta zazzage ƙusoshin a ƙasa ta warware takardar. An zana jadawali, shekara bayan shekara, biyar da babu, biyar da babu, har layi tara. A sama an rubuta da manyan baƙaƙe: 'YAN RAKIYA ZA SU SAKE TAFIYA. A ƙasa kuma ga hotonta, baki buɗe, tana kallon shatil ɗin da ya riga ya wuce ta.

"Ko hoton kirki ba su samu ba," in ji Injiniya. "Ni da nake da naki a waya guda ɗari, da sun tambaye ni."

Ba ta yi dariya ba. Mahaifinta, tsohon direban bas da ke zaune da su tun rasuwar mahaifiyarta, ya leƙo daga ɗakinsa da tabarau a karan hanci.

"Na karanta tun safe," ya ce. "Ƙarya suka yi?"

"A'a, Baba. Ba su yi ƙarya ba."

"To ki bar ɓata rai a kan gaskiya. Ki je ki ba su abin da za su rubuta sabo. In kuma babu, ki dawo mu ci abinci."

Gasar a maƙwabciyar ƙasa aka yi ta, a wani ɗaki mai sanyi da shimfiɗar roba koriya wadda takalmi ke kamawa kamar an shafa danƙo. Su takwas suka je, da Koci, da Sakataren hukuma. Haɗuwarsu ta farko a rukuni, da wata ƙasa dabam, sun sha kashi da ƙyar, uku da biyu. Ta biyu kuma ta ƙarshe ita ce da masu jar riga, ƙarfe tara na safiyar Laraba.

Kafin sha ɗaya da rabi an gama da su a wasa uku. Tanka, babban ɗan wasansu na maza, wanda ƙirjinsa ya ja masa sunan, bai kai maki goma ba a kowane turmi, alhali ashirin da ɗaya ake nema. Maza bibbiyu suka shiga suka fito kamar an aike su. Na haɗin namiji da mace ya ɗan ja, shi ma ya tafi. Uku da babu. An riga an fitar da su daga gasar, amma dokar rukuni ta ce sai an buga biyar ɗin duka. Saura wasa biyu: Bahaguwa ita kaɗai, sannan ita da Doguwa, abokiyar wasanta a na mata bibbiyu.

Tana lungun da ake motsa jiki a bayan ɗakin, ta ɗora ƙafa a kan benci tana naɗe gwiwarta ta dama da bandeji, sai ga Sakatare. Mutum ne gajere mai son kwat ko ana zafi, ga turare. Hannunsa ɗaya riƙe da jakar tafiya mai taya, ɗayan da takarda da biro.

"Kyaftin, sa hannu a nan."

Ta karɓa ta duba. Takardar janyewa ce saboda rauni.

"Yallaɓai, wa ya ji rauni?"

"Ke mana. Ga shi kina ɗaure gwiwa."

"Shekara huɗu ke nan ina ɗaure ta. Lafiyarta lau."

Ya ajiye jakar ya matso, ya rage murya kamar mai ba ta shawara. "Saurara, ƙanwata. Jirginmu ƙarfe uku ne, dole mu kasance a filin jirgi ƙarfe ɗaya. Da na yanki tikiti na lissafa cewa kafin sha biyu an gama. Kuma ai an gama ɗin. Me ya rage? Ki shiga yarinyar nan ta yi miki ashirin da ɗaya da uku a gaban kyamara? In aka ce rauni ne, ba wanda zai zage mu. Mutuncin ƙasa nake karewa."

"Wato tun daga gida ka san ƙarfe nawa za a gama cin mu."

"Ba ni na sani ba, tarihi ne ya sani. Sau tara fa."

"Sau tara ɗin nan duk a fili aka ci mu, Yallaɓai. Ba mu taɓa gudu ba. Shi kaɗai ne abin da jaridar ba ta samu ta rubuta ba, yau kake so in ba ta?"

Koci yana tsaye jikin bango da tawul a kafaɗa. Dattijo ne siriri, shekararsa ashirin yana horar da tawagar, kuma ba a san shi da musu da na sama ba. Sakatare ya juya gare shi.

"Koci, yi wa 'yarka magana."

Koci ya dubi ƙasa, ya dubi gwiwar, ya ce, "Ranka ya daɗe, ni dai ban ga rauni ba. Idona ya tsufa, amma ban gani ba."

"Umarni nake bayarwa a matsayina na jagoran tawaga!" Muryar Sakatare ta tashi har wasu 'yan wasan wata ƙasa suka waiwayo. "In kika taka filin nan, ki sani kin taka wa kanki. Tsuntsun da ya ja ruwa shi ruwa kan doka."

Bahaguwa ta manne bakin bandejin, ta sauke ƙafarta ta taka ta ji ta zauna daidai. Ta miƙa masa takardarsa da bironsa da hannu biyu, cikin ladabi.

"Allah ya huci zuciyarka. Ga shi can ana kiran sunana."

Wadda za ta kara da ita Guguwa ake ce mata, shekararta ashirin da biyu, shekara uku a jere tana riƙe da kambun nahiya. Sau biyu suka taɓa haɗuwa, kuma duka biyun Bahaguwa ba ta san lokacin da aka fara ba balle lokacin da aka gama. Yau ma haka turmin farko ya tafi. Yarinyar takan tashi sama kamar an ja ta da igiya, ta saro shatil ɗin ya dira kafin ido ya bi shi. Ashirin da ɗaya da tara, cikin minti goma sha ɗaya.

A hutun minti biyu Koci ya tsuguna gabanta yana miƙa mata ruwa.

"Kina neman ki yi gudu da ita. Ke sa'arta ce a gudu? Ki daina. Ɗaga mata shi sama, can ƙurya ta bayan hannunta, ki yi ta ɗagawa. Kome nisan jifa ƙasa zai faɗo, ki bar ta ta yi ta jiran faɗowarsa. Yarinyar nan ba ta taɓa daɗewa a fili ba, kowa minti ashirin take ba shi. Ki kai ta inda ba ta taɓa zuwa ba."

"In gwiwar ta yarda."

"Ba ke kika ce lafiyarta lau ba?"

Ta yi murmushi ta miƙe.

Turmi na biyu ya zama wani abu dabam. Guguwa ta sara, Bahaguwa ta tare ta ɗaga. Ta sake sarawa, ta sake ɗagawa. Bugu ashirin, bugu talatin a kan maki ɗaya. A na talatin da wani abu sai yarinyar ta ƙosa ta kai duka da fushi, shatil ya wuce layi. Ta dubi raket ɗinta kamar shi ya yi mata laifi. Bahaguwa ta lura da abu biyu: kafaɗar yarinyar ta fara hawa da sauka, kuma duk lokacin da shatil ya zo daga hannun hagu sai ta yi jinkirin rabin taku, don ta saba da na dama. Ta riƙe waɗannan biyun kamar mai riƙe da igiyar rijiya.

Suna sha huɗu da sha huɗu ta ga motsi a gefen fili ta wutsiyar ido. Sakatare ne tsaye a kan 'yan wasan maza yana nuna agogo. Ya ce su tashi su bi shi. Ba wanda ya motsa. Tanka ya harɗe hannu a ƙirji, muryarsa kuwa ko raɗa ya yi sai an ji a ƙarshen ɗaki.

"Yallaɓai, ka yi gaba, ma taho. Yayarmu tana aiki."

Sakatare ya zaro ambulan ɗin fasfo-fasfo daga aljihun kwat, ya cire nasa, ya wurga sauran a kan benci. Ƙarar tayoyin jakarsa ta bi shi har ƙofa. Alƙalin wasa ya ce a yi shiru, Bahaguwa ta goge tafin hannunta a riga ta yi sabis, bugun da ake fara neman maki da shi.

Ta ci turmin ashirin da ɗaya da sha tara. Mazan suka tashi suna dukan benci da tafin hannu kamar an ba su kofi. 'Yan kallon ɗakin, waɗanda suka fara fita neman abin sha, suka dawo suka zauna.

Na uku ya fi na biyu tsawo. Gwiwar ta fara magana tun suna bakwai da bakwai, wani zafi mai kama da an soka ƙusa ana juyawa. Ta ƙi kallon ta. Sau biyu ta faɗi tana tare shatil a bakin raga, sau biyu aka shigo da tsumma aka goge zufarta daga shimfiɗar. Sun kai sha bakwai da sha bakwai. Daga nan ƙuruciya ta yi halinta: Guguwa ta tattaro abin da ya rage mata ta sara huɗu a jere, ko ɗaya Bahaguwa ba ta taɓa ba. Ashirin da ɗaya da sha bakwai. Agogon bango ya nuna minti saba'in da huɗu.

Huɗu da babu. Ta zauna a benci ta lulluɓe kanta da tawul. Abin ya yi mata ciwo fiye da duk kashin da ta sha a baya, don wannan karon ta hango bakin ƙofa kafin a rufe. Hawaye ya taho, ta bar shi ya gauraya da zufa. Jirgi zai tashi babu su, Sakatare zai isa gida kafin su da labarinsa, ga shi kuma ba ta da abin nunawa.

Koci ya ɗaga gefen tawul ɗin. "Leƙa can."

Ta leƙa. A ɗaya ɓangaren Guguwa tana kwance a ƙasa, ƙafafu a kan kujera, mutum biyu suna murza mata ƙwauri da ƙanƙara. Kocinsu yana gaban teburin alƙalai yana ta bayani da hannu, babban alƙali yana girgiza kai.

"So yake ya canza ta a wasan mata bibbiyu," in ji Koci. "Sun sa sunanta tun safe, sun ɗauka minti ashirin za ta yi da ke ta fito tana shan iska. Doka ta ce sunan da aka miƙa ya miƙu. Rabin sa'a aka ba ku, ke da ita."

Bahaguwa ta sauke tawul ɗin. Ta nemi Doguwa da ido, ta hango ta a ƙarshen benci tana ɗaure igiyar takalmi tana kwancewa. Doguwa shekararta ashirin, ɗalibar koyon jinya ce, kuma wannan ce fitarta ta farko. Tsawonta ya sa in ta tsaya a bakin raga sai ka ce an kafa turke.

"Zo nan. Me ya sa kike ta ɗaure takalmi kina kwancewa?"

"Yaya, tsoro nake ji. In na ɓata miki fa? Kin jawo wa kanki fitina saboda wasan nan."

"Fitinar tawa ce, ba ki da kaso a ciki. Kin ga waccan da ke kwance? Na dafa miki ita, saura ki sauke. Duk abin da ya zo, ki tura mata. Kada ki ba abokiyarta komai, ko gaisuwa. Ni zan tsaya a baya in yi ta ɗagawa, ke ki tsare raga. In ya taso gabanki ko da tsawon ɗan yatsa ne, ki kashe."

"In na kashe a raga fa?"

"Sai mu zama biyar da babu, abin da muka saba. Wa zai mutu?"

Doguwa ta yi wata 'yar dariya mai haɗe da shessheƙa, ta ɗaure takalmin ta bar shi a ɗaure.

Suka ci turmin farko ashirin da ɗaya da sha takwas, masu jar riga suna kallon juna. A na biyu abokiyar Guguwa ta gane dawar garin, ta riƙa shiga gabanta tana ɗauke mata bugu, suka rama da ashirin da ɗaya da sha biyu. Kafin a shiga na uku gwiwar Bahaguwa ta kumbura har bandejin ya nutse a cikin nama. Koci ya dube ta, ya buɗe baki, ta riga shi.

"Kada ka ce komai, Koci. Idonka ya tsufa."

Turmi na uku ba mai kyau ba ne a ido. Mata biyu da suka ƙare suna jan ƙafa a baya, biyu masu sauran ƙarfi suna fafatawa a gaba. Maki ya yi ta tafiya kafaɗa da kafaɗa. Masu jar riga suka kai ashirin da sha tara, saura ɗaya su gama. Guguwa ta yi sabis, ƙafarta ta ƙi kai ta inda shatil ya koma, ashirin da ashirin. Daga nan sai wanda ya ba da tazarar biyu. Masu jar riga suka ci ɗaya, aka rama. Doguwa ta tura wani a tsakiyarsu, kowace ta bar wa 'yar'uwarta, ya faɗi. Ashirin da biyu da ashirin da ɗaya.

Ɗakin ya yi tsit, har ana jin ƙarar na'urar sanyi. Bahaguwa ta yi sabis gajere. Aka ɗaga mata, ta mayar can ƙurya. Guguwa ta ja da baya, ta yi tsalle, tsallen da bai kai rabin na safe ba, ta sara. Bahaguwa ta zube a kan gwiwar mai ciwo ta tare da ƙyar, shatil ya haye raga yana layi. Abokiyar Guguwa ta ruga ta tsince shi dab da ƙasa, ya taso sama da raga kaɗan, daidai fuskar Doguwa.

Doguwa ta kashe.

Bahaguwa ba ta ga inda ya dira ba, tana durƙushe. Ihun Tanka ne ya gaya mata. Doguwa ta tsaya da raket a sama tana waige-waige kamar wadda ta fasa kwano tana jiran faɗa, sannan ta ruga ta faɗa kanta suka zube tare. Koci bai taso ba. Ya zauna a benci ya rufe fuska da tawul ɗinsa, kafaɗunsa suna motsi.

Da aka zo gaisawa a raga, Guguwa ta riƙe hannunta ta daɗe, ta faɗi wata doguwar magana da harshensu tana nuna ƙafafunta. Bahaguwa ba ta ji ko kalma ɗaya ba.

"Ke ma haka," ta ce mata.

Allon ɗakin ya nuna huɗu da ɗaya. Mazan suka jeru a ƙarƙashinsa suna ɗaukar hoto, har wani ma'aikacin wurin ya tambaye su ko sun fahimci cewa su aka ci.

Masu shirya gasar ne suka sama musu wuri a bas mai tsallaka iyaka. Kwana biyu suka yi a hanya, Bahaguwa ta miƙe ƙafa a kan jakunkuna, Doguwa tana canza mata ƙanƙara a duk tashar da aka samu. Suna isa gida ta tarar takardar sammaci ta riga ta.

Ofishin hukuma yana hawa na biyu, ba lif. Ta hau da sanda, Injiniya yana biye da ita yana cewa ta bi a hankali. Aka ce ya jira a waje. A ciki akwai dogon tebur, Shugaban hukuma a tsakiya, Sakatare a damansa, wata mata a gefe tana rubuta abin da ake faɗa. Aka karanto laifinta: ƙin bin umarnin jagora, tunzura 'yan wasa, jawo wa tawaga rasa jirgi.

Shugaba mutum ne mai sanyin murya, da alama so yake a rabu lafiya. "'Yata, ba wanda ya ce ba ki yi ƙoƙari ba. Ni kaina na ji daɗi. Amma gida sai da babba. Ki rubuta layi biyu ki ba Sakatare haƙuri, a bar kaza cikin gashinta."

"Ranka ya daɗe, abu biyu na yi ranar nan. An ce in sa hannu a kan ƙarya na ƙi, an kira sunana a fili na je. Wanne daga ciki zan ba da haƙuri a kai, don in san abin da zan rubuta?"

Mai rubutu ta dakata ta ɗago kai. Sakatare ya ce, "Ka ji ko? Ka ji irin bakin nata? Ga ta nan da sanda, amma wai ba rauni!"

"Wannan a fili na samo shi, Yallaɓai. Da ka tsaya da ka ga lokacin."

Shugaba ya yi gyaran murya ya duƙar da kai kan takardunsa. Ya sake tambayar ta ko za ta rubuta. Ta ce a gafarce ta, ba za ta iya ba. Aka dakatar da ita shekara guda, aka kuma hana ta shiga ɗakin wasa na ƙasa har wa'adin ya cika. Koci aka ba shi takardar gargaɗi. Ta yi godiya, ta ɗauki sandarta.

"Yaya aka yi?" in ji Injiniya a bakin ƙofa.

"Shekara guda."

"Alhamdulillahi. Ashe zan riƙa ganin matata da rana."

"Kada ka saba."

Sati shida likita ya ba gwiwar. A sati na biyar mahaifinta ya sa hularsa ya ce ta raka shi wani wuri. Tsohon garejin bas ne a bayan kasuwa, inda ya yi aiki shekara talatin, an daina amfani da shi tun da kamfanin ya koma sabon wuri. Mai gadin abokinsa ne, ya buɗe musu. Rufin yana da tsawo ƙwarai, tagogin duk a can sama suke kuma a rufe, daɓen siminti ne mai tabon baƙin mai. Tsohon ya tsinke zare daga bakin hannun rigarsa, ya ɗaga shi sama ya sake. Zaren ya sauko a miƙe.

"Babu iska," ya ce. "Ba shi kuke so ba? Na yi magana da manajan, ya ce in dai ba za ku ƙona wurin ba."

Injiniya ya wanke daɓen da omo da buroshi kwana biyu yana mita, ya ja layuka da farin fenti, ya haɗa turakun raga da bututun tsofaffin firiji. Ranar Litinin ƙarfe huɗu Bahaguwa ta zo da niyyar ta yi sabis ɗari ita kaɗai ta koma gida. Tana cikin na talatin ƙofar ƙarfen ta yi ƙara. Doguwa ce da jakarta. Bayanta Tanka, sai sauran ɗaya bayan ɗaya, suna kalle-kallen rufi. Daga ƙarshe Koci ya shigo yana haki.

"Koci, takardar gargaɗi fa gare ka."

"An ce kada in bar ki ki shiga ɗakinsu. Nan ɗakinsu ne?"

"Ku kuma wa ya ce ku zo? Can fa aka san ku."

"Can ɗin rufi yana yoyo, Yaya," in ji Tanka. "Lafiyarmu muke ji."

Ta dube su ɗaya bayan ɗaya, sai ta tsuke fuska ta nuna wa Doguwa bakin raga da raket.

"Ke, tsaya can. A turmi na biyu sau shida kina barin ƙafarki ta hagu a baya, kin ɗauka ban gani ba? Saura wata goma sha ɗaya mu sake haɗuwa da masu jar riga, lokacin wa'adina ya cika, kuma wannan karon ba za su sa Guguwa a wasa biyu ba. Ɗaga raket."